Dutsen Awo a Lambun Baba Nomau

Ranakun aikina da yawa sun cakuɗe mini a kai, har wani lokaci in rasa wacce ta riga wacce. Amma ranar da na shiga taɓon tabkin Madarumfa da shaddata ta zuwa suna tana nan daram, ko ina so ko ba na so. Tunda ku yaran yanzu kun ce in ba ku labarin yadda aka fara awon ƙasa da tauraron ɗan'adam a wannan yanki, to ga shi. Na san wasunku sun ji shi a bakin direbobi. Gara ku ji daga wanda abin ya faɗa wa, don direbobi sun zuba masa gishiri har ya fi ƙarfin ci.

A lokacin ni ne topograf na Madarumfa, wato mai awon ƙasa, kuma ni kaɗai ne a duk gundumar. Gona, lambu, fegi, burtalin shanu, in dai ana son iyaka a takarda, sai an zo biro, wato ofishinmu, an same ni. Sunana Isuhu, amma ko yaran unguwarmu Mai Awo suke ce mini. Idan na sauka a ƙauye na kafa na'urata mai ƙafa uku, na kanne ido ɗaya na leƙa, masu gardama shiru suke yi kamar liman ya tada kabbara. Ba zan ɓoye muku ba, wannan shirun ya fi mini albashi daɗi.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, duk awonmu daga dutse yake farawa. Mu a biro born muke ce masa. Ginshiƙin siminti ne da ma'auna na farko suka kafa tun kafin a haife ni, da ɗan ƙarfe a kansa, kuma lambobin da ke nuna ainihin inda yake a doron ƙasa suna ajiye a Yamai. Ka san inda dutse yake, ka san inda komai yake. Ka kafa na'ura a kansa, ka ja awo zuwa gonar wane, ka rubuta. Haka aka koya mini, haka na yi imani, kuma na sha gaya wa mutane cewa mutum na iya canza magana, shaida na iya rasuwa, itace na iya faɗuwa, amma dutsen awo yana nan inda aka bar shi.

Sai aka zo da sabon tsari. Kun san wayar hannu ma tana nuna maka inda kake, amma da kuskuren da zai iya jefa rijiyar maƙwabcinka cikin gonarka. To ƙasashen yankinmu suka haɗu a kan wani tsari na gyara wannan kuskure. Akwai tashoshi a ƙasa masu sauraron taurarin, su lissafa yawan kuskuren da ke cikin saƙonsu, su aika gyaran zuwa wani tauraro da ke tsaye a saman yankinmu, shi kuma ya watso wa duk mai na'ura. Aka ce da wannan gyara kuskuren ba zai kai mita ɗaya ba. Kafin a amince da shi sai an jarraba shi wuri-wuri, kuma Madarumfa na cikin wuraren da aka zaɓa.

Direktanmu na Maradi ne ya kira ni ya shaida mini. Mutum ne da ba ya kwana-kwana.

Ya ce, "Malam Isuhu, gara ka ji daga bakina. In tsarin nan ya ci jarrabawa, ba za a bar topograf a kowace gunduma ba. Yara biyu da na'ura za su riƙa zagayawa daga Maradi. Kai kuma za ka dawo nan ka riƙe mana ɗakin ajiyar taswira."

Na ce, "In kuma ya faɗi fa, Shef?"

Ya ce, "Sai ka ci gaba da leƙenka."

Na san ɗakin nan. Ba shi da taga, kuma ba mai shiga sai gara da mai shara. Gidana a Madarumfa yake, iyalina, fada, wato majalisar hira da nake shan shayi, da duk mutanen da ke miƙewa in na doso. Tun daga ranar na fara yi wa tauraron ɗan'adam fatan tsiya, ni da ban taɓa ganinsa ba, shi kuma bai san ina duniya ba.

Bayan girbi, ruwan tabki ya fara ja da baya, sai ga mota kat-kat, irin mai shiga daji, daga Yamai ɗauke da wadda za ta yi jarrabawar. Madam Ramatu sunanta, injiniya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta kira ni Tonton kamar yadda 'yan Yamai ke kiran babba. Na so a ce mai girman kai ce don in ji daɗin ƙin ta, sai ta ƙi ba ni wannan dama.

Ta yi mini bayanin yadda aikin yake. Za a ɗora na'urarta a kan dutsen da aka riga aka san lambobinsa, a bar ta tun safe har bayan faɗuwar rana tana rubuta inda take zaton take. Daga nan a gwada abin da ta faɗa da abin da ke rubuce a Yamai. Tazarar da ke tsakani ita ce kuskuren tsarin. Ƙa'ida ta ce sai an samu duwatsu uku lafiyayyu a gunduma kafin a yanke hukunci. In ba su cika uku ba, jarrabawa ta rushe, sai an sake shirya wata tafiyar. Zaɓen duwatsun kuwa aikina ne, kuma ni zan sa hannu a rapor, wato rahoton jarrabawar, tare da ita.

Na zaɓi ɗaya a Gabi, ɗaya a Safo, na ajiye wanda nake ji da shi zuwa ƙarshe. Wannan yana bakin tabki, a lambun wani dattijo mai suna Baba Nomau, manomin albasa da salati, wato ganyen latas. A duk duwatsun da na sani babu mai gatansa. Na wasu wuraren an mayar da su turken jaki ko wurin wasa wuƙa. Shi kuwa na Baba Nomau kullum fari fat da farar ƙasa, an share kewayensa, an yi masa shingen ƙaya. Tun zuwana Madarumfa na ce wa tsohon, "Baba, wannan kayan gwamnati ne, ka kula da shi." Ya karɓi maganar da hannu biyu. Duk baƙon da ya zo daga sama, can nake kai shi ya ga yadda ake riƙon dutse a gundumata.

A Gabi na'urar ba ta yi mini adalci ba. Wani farin faifai ne kamar murfin kwano a kan sanda, da allo a hannun Madam Ramatu. A allon akwai ɗigo mai nuna dutsen, da wasu ƙananan ɗigo da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana nuna inda tauraro ya ce muke. Na zauna a inuwa ina jiran su watse, suka ƙi. Suka taru kewaye da dutsen, mafi nisansu bai kai tsawon hannu ba. Bayan magariba sun ɗan yi rawa, har na gyara zama. Madam Ramatu ta ce haka sararin samaniyar yankinmu yake yi wa saƙon tauraro in rana ta faɗi, kuma abin da aka fi son a gani ke nan a jarrabawar. Kafin in gama murna suka nutsu.

A Safo ma haka. Magajin gari ya aiko mana da tuwo da miyar kuka har da kaza, na kasa cin na kirki. Madam Ramatu ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce mata ciwon ciki ne. Ba ƙarya na yi ba ƙwarai.

Sai ranar dutsen bakin tabki. Muka ɗora faifai, ta kunna, na tsaya a bayanta ina kallon allo ba da wani sa rai ba. Ɗigo na farko ya fito can gefe, nesa da dutsen. Na biyu ya bi shi. Kafin hantsi duk sun taru a wuri ɗaya, kuma tazarar ta haura mita goma. Abin da na'urar ke cewa shi ne, inda muke tsaye ya fi kusa da tudu, inda takarda ta ce dutsen yake kuwa can ne ƙasa wajen ruwa.

Wallahi sai da na juya baya don kada ta ga haƙorana.

Ta kashe na'urar ta sake kunnawa. Ta canza bateri. Ta sake lissafin da ake yi don juya tsofaffin lambobi zuwa sabon ma'auni. Ba abin da ya canza. Da la'asar ta zo ta zauna kusa da ni a kan tabarmar Baba Nomau.

Ta ce, "Tonton, abin nan bai yi kama da kuskuren tauraro ba. Kuskurensa kamar akuya ce a turke, tana zagayawa gabas da yamma amma ba ta barin turken. Waɗannan ɗigon suna zagaye turke lafiya lau, sai dai turken ba a inda muke zato yake ba. Kun tabbata dutsen nan lafiyarsa ƙalau?"

Na yi irin dariyar nan ta manya, wadda ake yi da hanci. Na ce, "Ɗiyata, tun kina goye nake awo daga dutsen nan. Dutse ba ya tafiya."

Ta ce za ta ƙara kwana ta sake gwadawa. Ni kuwa ban jira ba. Ina isa gida na kira direkta, abin da bai kamata in yi ba sai da saninta. Na ce masa tsarin ya faɗi warwas a kan dutse mafi inganci a gunduma, ya kamata ya zo ya gani da idonsa. Daga nan na wuce fada na sayi sukari da ganyen shayi na raba, na yi wa jama'a lacca a kan bambancin ilimin ƙasa da ilimin sama. Har na ce musu abin da ke yawo a iska ba zai koya wa abin da ke dashe a ƙasa zama wuri ɗaya ba. Maganar ta yi mini daɗi a baki, na maimaita ta sau da yawa.

Direkta ya iso da safe. Na sa shaddata mai ruwan toka, wadda ba ta fita sai suna ko ɗaurin aure, ta sha guga har tana tsayawa da kanta. Masu lambu da masunta suka taru, har da 'yan fadarmu da suka zo ganin yadda zan kayar da tauraro. Madam Ramatu ta nuna wa direkta allo, ta faɗi abin da ta gani ba ragi ba ƙari, ta kuma faɗi shakkarta a kan dutsen. Sai na ga dama ta samu ta rufe bakin kowa. Na yafuto Baba Nomau, wanda ke gefe yana riƙe da gwangwanin ban ruwa.

Na ce, "Baba, zo ka gaya wa manyanmu yadda kake kula da dutsen nan."

Tsoho ya ajiye gwangwani, ya goge hannu a riga, fuskarsa cike da farin ciki. Na lura daga baya cewa shi ma ya daɗe yana jiran ranar da za a tambaye shi.

Ya ce, "To, ranku shi daɗe, Mai Awo shaida ne. Tun randa yac ce mani in kula da dutsen ga, ko akuya ban bari ta goga jiki gare shi ba."

Na gyaɗa kai ina duban direkta.

Ya ci gaba, "Wahalar da munka sha kansa kuwa, Allah kaɗai ya sani. Shekarar da ruwa yay yi yawa, da sahe na zo na iske tabki ya kai mashi ga wuya. Nic ce, wanga abu amana ne, in ruwa ya haɗiye shi mi za ni ce ma Mai Awo? Na kira ɗiyana, munka haƙo shi, munka aza bisa amalanke, munka kawo shi tudu."

Na daina gyaɗa kai. Na ce, "Kuka me, Baba?"

Ya ce, "Munka kawo shi tudu. Ba mu bari ko ɓallewa ya yi ba. Na sa igiya da ɗan dutse na daidaita tsayuwarsa kamar yadda magina ka yi. Lokacin kana Yamai wajen ƙarin karatu. Da kad dawo ai har yaba mani ka yi, kac ce ya ƙara haske." Ya ɗan yi tunani. "Na biyun bai ba mu wuya ba, don mun riga mun gane kansa."

Direkta ya ce, "Na biyu?"

Baba Nomau ya ce, "Ai ruwan ya sake biyo shi, ranka shi daɗe."

Ba wanda ya yi dariya nan take, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ina jin wani ɗan fadarmu yana tari irin na mai danne abu. A tsaye nake amma tunanina ya tafi kan shekarun da awona a bakin tabki yake ƙin haɗuwa da tsohuwar taswira. Lambunan nan kowace shekara sabon fasali suke yi, ruwa ya ci shinge a sake wani, don haka ido ba shi da abin kamawa. Duk lokacin da lissafi ya ƙi, tsofaffin ma'auna nake zagi, in ce da zafin rana suka yi aikinsu. Ban taɓa zargin dutsen ba ko sau ɗaya.

Direkta ya ja mu gefe, ni da Madam Ramatu, ransa a ɓace. Ya ce tumɓuke dutsen awo laifi ne a doka, dole a rubuta shi a rapor, a sanar da jandarma. Ya ce tunda dutse na uku ya lalace, kuma babu wani lafiyayye kusa da na sani, jarrabawa ta rushe sai wata tafiyar.

Madam Ramatu ta ce, "Shef, kafin a sake ba mu mota da izini, Allah kaɗai ya san yaushe."

Ya ce, "Wannan ba matsalata ba ce."

Ku tsaya ku gane abin da ke gabana a wannan lokaci. An yi mini dariya, gaskiya ne, amma kujerata ta tsira. Wata tafiyar a aikin gwamnati tana iya kaiwa har in ajiye aiki. Abin da ake bukata a wurina kawai shi ne in yi shiru in sa hannu. Can gefe kuwa Baba Nomau ya ji kalmar jandarma, murmushin ya bar fuskarsa, ya tuɓe hula yana jujjuya ta a hannu yana kallona.

Kuma akwai abin da na sani wanda su biyun ba su sani ba. Ma'aunan farko ba sa kafa dutse haka kawai. Kafin su ɗora ginshiƙi sukan binne wani ƙaramin tubalin siminti can ƙasa da shi, da nasa ƙarfen, daidai ƙarƙashin na sama, saboda irin wannan rana. Malamin da ya koya mini aiki ne ya taɓa nuna mini a daji. Ba a koyar da shi a makarantun yanzu, direkta kuwa ta hanyar biro ya hau. Idan tubalin yana nan, to dutse na uku bai ɓata ba, yana kwance a ƙasa yana jira.

Ina so in ce muku tausayin tsohon nan ne kaɗai ya buɗe bakina. Akwai tausayin, ba na musu, don hular nan da yake jujjuyawa ta tsaya mini a rai. Amma ni na san kaina. An kunyata ni a gaban yarinya sa'ar 'yata, ga kuma wani ilimi a cikina da ita ba ta da shi. Na yi ƙoƙarin haɗiye shi, ya ƙi wucewa.

Na ce, "Madam, a makarantarku an gaya muku abin da ke ƙarƙashin born?"

Ta ce a'a. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da ɗaga yatsa. Sai da na ga idonta ya yi haske na gane abin da na yi wa kaina.

Ta ce, "Ke nan, Tonton, in na sa wa na'ura lambobin Yamai ta kai mu wurin, muka haƙa muka same shi, jarrabawa ta cika."

Na ce, "Haka ne," da muryar da ni ma da ƙyar na ji ta.

Aka tambayi Baba Nomau inda dutsen yake da farko. Ya nuna wajen wani kwarin salati, ya sake nuna wani gefen, ya ce shi dai ya san wajen ruwa ne. Madam Ramatu ta ɗauki sandarta mai faifai ta shiga gaba, allo na ce mata dama ko hagu, mu muna biye. Muka wuce albasa, muka wuce salati, muka kai inda ruwa bai daɗe da janyewa ba, ƙasa baƙa mai santsi. Ta cire takalmi ta ci gaba. A tsakiyar taɓo ta tsaya ta kafa sanda.

Masunta suka kawo shebur da kwando. Suka fara haƙa kamar masu neman gawo a rami, sai na ga za su fasa abin in sun same shi. Wannan kuwa ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Na ce su dakata. Na naɗe hannun riga, na shiga. Taku na biyu takalmina ɗaya ya tafi, har yau yana can. Shaddar da ta sha guga ta sha taɓo har gwiwa, daga baya har ƙirji, don sai da na durƙusa. Ina kwashe laka da hannu, ruwa na tsattsafowa yana cika ramin, wani masunci na kwalfewa da ƙwarya. A raina ina roƙon kada in samu komai, hannuna kuwa yana nema da gaskiya, don shi bai iya aikin wasa ba.

Da hannuna ya nutse har kafaɗa, a gefen ramin, yatsuna suka taɓa wani abu mai kusurwa. Na share, na lalubo tsakiyarsa, na ji kan ƙarfe. Na sake shafa shi don in tabbatar. Madam Ramatu ta sunkuyo ta ce, "Tonton?" Na kama gindin sandarta na ɗora a kan ƙarfen. Daga inda ta fara kafa ta zuwa nan bai fi kamu ɗaya da rabi ba.

A nan ne jama'a suka saki dariyar da suke riƙe da ita tun ɗazu, har da tafi. Direkta da kansa ya miƙo hannu ya jawo ni waje. Ya ce tunda asalin alamar tana nan ba abin da ya ɓata, maganar jandarma ta wuce. Muka kafa na'ura a kan tubalin, ta wuni tana rubutu, ɗigon suka taru a kansa kamar yadda suka yi a Gabi da Safo. Washegari na sa hannu a rapor cewa tsarin ya cika ƙa'ida a duwatsu uku na gundumar Madarumfa. Madam Ramatu ta rubuta a ciki cewa ba don sanin topograf na wurin ba da jarrabawar ta rushe. Na gode mata. Ban taɓa ganin yabon da ya yi wa mai shi tsada kamar wannan ba.

Kafin damina takardar canjin wurin aiki ta iso. Lambunan bakin tabki kuwa yara biyun nan da na'urarsu suka sake auna su, aka gyara takardu, kuma da yake duk sun karkata gefe ɗaya ne, ba wanda ya rasa ko kwarin albasa.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku masu yawo da faifai yanzu, bai shafi tauraro ba. Na'urarku tana da kyau, ni shaida ne, da hannuna na tono mata shaida. Amma kowane awo yana jingine ne da wani abu da aka ce ba ya motsi, kuma wannan abin a hannun mutane yake. Mutanenmu in ka ba su amana za su riƙe ta fiye da yadda ka zata, sai dai za su riƙe ta ne yadda suka fahimce ta. Shekara da shekaru ina ce wa Baba Nomau ya kula da dutse, ina shan ruwansa, ina karɓar albasarsa, ban taɓa zama na gaya masa amfanin dutsen ba. Na ɗauka wannan sani ne na masu leƙa na'ura. Shi ya yi aikinsa cikakke. Idan kun kafa tasha ko alama a ƙauye kuka ba wani gadinta, ku zauna a tabarmarsa ku gaya masa me take yi, ko da zai ci muku wuni.

Ranar da zan bar Madarumfa, an gama ɗaure kaya a mota, sai ga Baba Nomau a kan jaki da buhun albasa. Muka gaisa, ya yi mini addu'a mai tsawo. Ya tsaya yana murza igiyar jakin, na san akwai magana.

Ya ce, "Mai Awo, yaran nan masu faifai sun ce dutsen ga ba shi da sauran aiki, an cire shi daga lissahi. To bana in ruwa ya taso, in bar shi ko in ɗauke?"

Amsar da ke cikin littafi na san ta, cewa ba a ɗaga dutsen awo daga inda yake, kuma na yi niyyar in zauna in yi masa bayanin da ban yi ba tun farko. Sai na dubi tsohon, na dubi kayana a bayan mota.

Na ce, "Ɗauke shi, Baba. Ka kai shi inda ruwa ba ya kaiwa."

Ya ce, "To, madalla. Dama na riga na duba mashi wuri."

Direba ya tada mota, muka kama hanyar Maradi.